Kazar Saman Bene a Bin Omran

Na taɓa ajiye kaza a saman benen gidan hayarmu da ke unguwar Bin Omran a Doha, kuma har yau idan na ce ina kewarta mutane dariya suke yi mini. Su yi ta yi. Ba wata kazar a zo a gani ba ce: ja ce, wuyanta a fige, an datse mata baki tun tana 'yar tsako, zankonta ya koɗe ya langaɓe gefe guda. Ko kasuwar ƙauyenmu aka kai ta, mai saye zai ɗaga ta ya jinjina ya ajiye. Amma a shekarar da aka yi gasar ƙwallon duniya a Doha, ita kaɗai ce mai rai da ke jiran dawowata daga aiki. Na kuma yi wa kaina alkawarin ba za ta sake shiga keji ba muddin ina garin.

Aikina tuƙi ne. Motar sanyi nake ja, in ɗauko ƙwai daga wata gonar kaji da ke can arewa cikin sahara, in rarraba wa gidajen abincin nan na tafi-da-gidanka, masu soyayyar kaza da burodi mai ƙwai a tsakiya. Ta ƙofar baya nake shiga, wajen kwandon shara, in sauke kiret-kiret in yi gaba. Na daɗe ina wannan aiki ban taɓa ganin kazar da ta yi ƙwan ba. A bakin sito ake loda mini, ni kuwa ba ruwana da abin da ke bayan katanga.

Korona ce ta tura ni bayan katangar. Ranar da aka rufe Sana'iyya, unguwar masana'antu inda masaukinmu yake a lokacin, ina kan hanya da lodi. Na dawo na tarar da shinge da jami'an tsaro, kayana suna ciki, ni ina waje. Ƙwai kuwa ba ya jira, don haka kamfani ya mayar da ni gonar, aka ba ni wata kwantena mai gado ɗaya da taga ɗaya a ƙarshen fili. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye mini. In fita da mota, in dawo, a fesa wa tayoyi magani, in shiga kwantena. Na yi watanni ban yi Hausa da kowa fuska da fuska ba. Har sai da na fara yi wa motar magana, ina yi mata faɗa idan ta yi nawar tashi.

Da ciwon ya kwantar da wasu daga cikin ma'aikatan gonar, sai mudir, wato shugaban wurin, ya ce in riƙa shiga ina taya su fito da ƙwai. Wani dattijo ne mutumin Sudan, mai yawan faɗa amma ba mugu ba. Ranar da na fara shiga rumfar kajin, tsayawa na yi a bakin ƙofa takunkumi a fuska. Kejuna ne na waya, an ɗora wani kan wani, sun miƙe har inda ido ya gaza. Cikin kowanne kaji sun cunkushe, babu wadda za ta iya buɗe fiffike ba ta mari 'yar'uwarta ba. Ƙasan kejin a karkace yake, da zarar kaza ta saka ƙwai sai ya gangara waje kafin ta juyo ta gan shi. Faratansu sun yi tsawo sun lanƙwashe a jikin waya, don ba su taɓa tona ƙasa ba. Na yanka kaji a rayuwata ba adadi, ba ni da taushin zuciyar da za a yi mini gori a kai. Amma ranar abincin rana bai shiga ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne shirun asuba. Kaji ne cike da rumfuna, amma babu zakara ko ɗaya. Sai in farka in kasa kunne ina jiran cara, in ji injin iska kawai yana ta gurnaninsa.

Ni ɗan fari ne a wajen Inna, kuma a ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi har yanzu ba a wasa da wannan kunyar. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta tambayar lafiyata, ba ta yarda a ga tana ɗokina. Idan na bugo waya ƙanwata ce ke riƙewa, Inna tana gefe wai tana tsince wake, sai ta riƙa jefo magana daga nesa. Da ta ji an rufe ni a gonar kaji, sai ta sami hanya. Ita mai kiwon kaji ce tun tana amarya, kowane ɗa a gidanmu da kazarsa ya tashi. Sai in ji muryarta tana ce wa ƙanwata:

“Tambaye shi, kajin nan nasu suna samun abinci kuwa? Ana barinsu su sha iska?”

Na san ni take tambaya, ita ma ta san na sani. Sai in ce abinci kam ba ya yankewa, iska kuma akwai injin da ke hurawa. Wata rana ta sa aka tambaye ni wa ke rufe musu akurki da magariba. Na ce ai ba a buɗewa balle a rufe. Sai ƙarar wake a cikin faranti nake ji. Daga baya ƙanwata ta gaya mini washegari Inna ta saki kajinta tun kafin rana ta fito, ta hana a kore su daga madafa.

Da aka sassauta kulle kamfani ya kama mini wurin kwana a Bin Omran, a wani tsohon gida da aka yanka da katako. Mu biyu ne a ɗakin, ni da wani dattijo mutumin Gusau mai aikin gadi, wanda nake kira Baba. Bayan watannin kwantena, ko munsharinsa daɗi yake yi mini. Shi ke dafa mana tuwon semo ranar Juma'a, yana zagin kuɓewar ƙasar nan da ba ta da yauƙi. Wani lokaci mu hau bas zuwa Asian Town, kasuwar baƙin ma'aikata, mu yi ta yawo ba mu sayi komai ba.

Gari ya fara shirin gasar ƙwallo, ana ta fenti da dashen itatuwa, sai labari ya zo gonar. Gidajen abincin da muke kai wa ƙwai sun ce ba sa son ƙwan kazar keji. Masu cin abincinsu a wasu ƙasashe sun matsa musu, ga baƙi za su cika gari, kowa so yake a gan shi da hali na gari. Mudir ya yi ta ƙorafi, wai kazar da ke yawo a ƙasa ta fi ci, ta fi fasa ƙwai, ta fi ɗaukar cuta. Amma mai saye ya faɗa, sai aka ce za a cire kejunan babbar rumfa, a zuba ɓuntun shinkafa da garin katako a ƙasa, a kafa sanduna na hawa da akwatunan saka ƙwai. Ni dai na yi murna ƙwarai. Har na sa ƙanwata ta gaya wa Inna cewa za a saki kajin.

Wautata ita ce na ɗauka kajin da na sani za a saki. A raina na riga na hango ranar: a buɗe ƙofofin waya, su sauko ɗaya bayan ɗaya su taka ƙasa. Ashe ba haka ake yi ba. Mudir ya ce waɗannan sun tsufa, ƙwansu ya ja baya, kuma kazar da ta girma a keji ba ta san yadda ake zama a ƙasa ba. Sababbi za a kawo, waɗanda aka rena a ƙasa tun suna tsaki. Aka jera manyan motoci, aka kwashe tsofaffin kaf zuwa mayanka. Ina tsaye jikin motata ina kallo, raina ya ɓaci har na kasa amsa gaisuwar direbobin. Waɗanda suka sha wahalar ba su ne suka ga sauƙin ba, kuma ban ga wanda abin ya dama ba sai ni.

Da masu walda suka zo kwance kejuna, sai aka tsinci guda ɗaya a maƙale ƙarƙashin kwatar abinci. Motocin sun riga sun tafi. Mudir ya kamo ƙafarta ya ɗago ta, ya waiga ya ga ni ne kusa, ya miƙo mini ya ce yalla, wato maza, in je in yi miya. Na sa ta a kwali na ajiye gefen kujerar direba. Duk tsawon hanya ko motsi ba ta yi ba.

Baba ya leƙa kwalin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

“Kai ɗan ga, wagga ai ko romo ba ta yi. Mi za ka yi da ita?”

Na ce kiwo zan yi. Ya yi dariya har da tari, amma shi ya samo mini katakon da na yi mata inuwa a bayan tankin ruwa, can saman bene inda babu mai hawa sai mai gyaran eriya.

A gidanmu idan aka kawo baƙuwar kaza, ba a sakinta nan take. Ana ɗaure mata ƙafa da tsumma a jikin turke na 'yan kwanaki, ta ci ta sha a wurin, ta san gidan. Daga nan a kwance ta da hantsi, ta tafi yawonta, da magariba ta dawo da ƙafarta. Inna ta sa aka jaddada mini wannan, har da gargaɗin kada in yi amfani da igiyar roba, tana yanka ƙafa. Na yaga tsohuwar singileti na ɗaure kazar a jikin bututun tanki. Da kwanakin suka cika na tsuguna na kwance tsumman, na ja da baya ina fargabar kada ta tashi sama ta faɗa titi.

Ba ta je ko'ina ba. Ta tsaya a inda take, a ɗan wurin da bai wuce faɗin faranti ba, tana juya kai. Na watsa tsaba nesa kaɗan, ta miƙa wuya iya tsawonsa, da ta ga bai kai ba sai ta haƙura. Ga fili fetal a gabanta, ga sama a buɗe, amma ita a wajenta wayar tana nan. Na zauna a kan bokiti ina kallonta har aka kira magariba. Tausayinta ya kama ni, haushi ma ya kama ni, ban san wa nake jin haushi ba.

A hankali ta koya. Taku ɗaya yau, biyu gobe, tana ɗaga ƙafa sama kamar mai tafiya a cikin ruwa. Nakan biya ta wajen masu kayan lambu a Abu Hamour in tsinto mata ganyen latas da aka zubar. A nan na saba da wani makiyayi, shi ma mutumin Sudan, da ke zuwa da a-kori-kura yana kwasar ganyen don tumakin maigidansa. Wata rana na ɗebo yashi a wani kango da ake gini, na juye mata a kusurwa. Ta yi kwanaki tana zagaye shi. Ran nan na hawo da la'asar na tarar da ita kwance a ciki, tana birgima, tana watsa yashi da fiffike, ido a lumshe. Babu wanda ya koya mata, ba ta taɓa ganin wata ta yi ba. Na sauka da gudu na taso Baba daga barcinsa na mai aikin dare, ya hawo yana mita, sai ga shi ya tsaya yana murmushi. Ba a daɗe ba ta fara kyarkyara, ta saka ƙwai a cikin kwali, ta zauna a kansa yadda ta ga dama.

Ana saura kaɗan a fara gasar aka sallami Baba. Kamfaninsu ya ce matasa masu jin Turanci yake so a ƙofofi, tsofaffi su je gida hutu, za a neme su. Mu duka mun san ba za a neme su ba. Na raka shi filin jirgi da jakarsa ɗaya da bargon da ya saya wa iyali. Ya ce in gaida masa amaryata ta saman bene. Na dawo na tarar da katifarsa a naɗe, ba a kuma kawo kowa a madadinsa ba.

Garin ya cika ya batse. Tutoci ko'ina, jirgin ƙasa cike da masu waƙa, lodina ya ninka. A jikin gilashin gidajen abincin an manna hoton wata kaza fara tas a cikin ciyawa, da rubutun cewa ƙwansu ba na keji ba ne. Gaskiya ne kuwa, ni ne shaida, don na ga sababbin kajin suna hawa sanduna suna tono, kuma na ji daɗin ganinsu. Amma ban taɓa zama a garin da ya cika haka na ji ni kaɗai ba. Sauran 'yan gidan Indiyawa ne da 'yan Nepal, mutanen kirki, sai dai gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Da na ajiye mota sai saman bene. Tana jin takuna a matakala take tahowa da ɗan gudunta na gurguwa. In zauna a kan bokiti in ba ta labarin cunkoson hanya da Hausa, tana tsattsagar igiyar takalmina. Da magariba ta shige kwalinta da kanta, in jingina katako a bakin.

Ni na tona wa kaina asiri. Mudir ya gan ni ina tattara abincin kaji da ya zube a bakin sito ina zubawa a leda. Ya tambaya, ni kuma ban iya ƙarya a fuskar dattijo ba. Ya dafe kai. Ya ce tun da aka saki kaji a ƙasa likitan dabbobi ya tsananta doka: duk mai shiga gonar ba zai ajiye tsuntsu a gida ba, ko tattabara ce, don cuta guda na iya share rumfa. Ya ce shi miya ya ce in yi, bai ce in yi aure ba. Sannan ya daina wasa ya ce in zaɓa kafin Juma'a, ko kazar ko aikin, kuma idan magana ta kai ga kafil, wanda takarduna ke ƙarƙashinsa, shi ba zai iya tare mini ba. Khalas, in ji shi, wato magana ta ƙare.

Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. 'Yan gidanmu suka ce a yanka a yi farfesu a ci ana kallon wasa. Har na ari wuƙa. Na hau bene, ta taho da gudunta, na mayar da wuƙar aljihu na sauko. Sai na tuna makiyayin nan na Abu Hamour. Ya taɓa gaya mini a izbar maigidansa, irin filayen nan na bayan gari da 'yan ƙasa ke ajiye raƙuma da tumaki, akwai kaji sake suna yawo, har da zakaru. Na ce to, ai wannan ma ya fi saman bene. Za ta sami ƙasa ta gaske, ta sami 'yan'uwa, ta ji cara da asuba.

Bayan sallar Juma'a na ɗauki tasi da kwalina a cinya. Wurin ya yi mini, akwai inuwa, akwai turɓaya, ga kaji masu ƙoshi suna tono a gindin garken tumaki. Na ciro tsumman singiletin nan zan ɗaure ta kamar yadda aka saba, makiyayin ya ce ba sai na wahala ba, ina za ta je. Na sauke ta. Ta yi taku kaɗan tana kallon ikon Allah. Kafin in miƙe tsaye kajin sun yi mata caa. Sun ga baƙuwa, sun ga wuya a fige, suka hau sara. Ita kuwa da guntun baki ko ramawa ba ta iyawa, ba ta ma san ana gudu ba, sai ta lafe a ƙasa. Da muka kore su jini na zuba a wuyanta.

Makiyayin ya ce idan aka bar ta a cikinsu ba za ta kai gobe ba. Ya shiga bayan rumfa ya jawo wani tsohon kejin waya da ake saka marasa lafiya, ya ajiye a inuwa ya buɗe ƙofar. Ina shirin cewa a'a, a nemi wata dabara, a kewaye mata wani lungu. Ban kai ga buɗe baki ba ta miƙe, ta ratsa ta tsakanin ƙafafuna, ta shige kejin da kanta. Ta juya sau ɗaya, ta kwanta a kan wayar, ta lumshe ido. Tun da na san ta ban taɓa ganin hankalinta ya kwanta haka ba, ko a cikin yashi.

Na ce masa da ɗan Larabcina ya bar ta a ciki kwana kaɗan kawai, har ta saba da wurin, sannan ya sake ta. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce in sha Allahu. Ya sa waya ya ɗaure ƙofar.

Da na dawo Bin Omran ana wani babban wasa, ihu na tashi daga kowane shago. Na hau bene don ban san inda zan je ba. Yashin na nan da gurbin da take kwanciya. Na zauna a kan bokiti na buga gida, na gaya wa ƙanwata yadda aka yi, da ƙarfi yadda Inna za ta ji. Na ji an ajiye faranti. Na ji 'yar hayaniya, ƙanwata tana cewa ga shi, riƙe nan. Sai ga numfashin Inna a kunnena, kusa, yadda ban taɓa ji a waya ba.

“Kai fa?” in ji ta. “Yaushe za su sake ka?”

Tun da na yi wayo ba ta taɓa tambayata wani abu a kaina kai tsaye ba. Na ce mata babu wanda ya riƙe ni, fasfona yana cikin akwatina, kwantiragina ma ya ƙare tun kafin gasar, ni na ce a sabunta. Ta tambaya ko wani abu ake bina. Na ce ba a bina komai. Ta jira in ba ta dalilin zamana, na lalubo a raina ban samu ba.

“To,” ta ce, ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Aka kira magariba a masallacin bayan gidanmu. Na tashi na jingina katakon a bakin inda kwalin yake zama, na sauka ɗaki na rufe ƙofa, don da asuba ina da lodi.